Karɓar Anatomi ko sake JAMB: amsa ga Hajiya mai 'yar 256

Hajiya, sannu da fama, Allah ya sanya wa yarinya albarka. Kin tambaya ko 'yarki mai neman likitanci, da ta ci maki 256 a JAMB, ta karɓi Anatomi ko ta sake jarrabawar. Maki 256 ba abin kuka ba ne, ki fara faɗa mata haka. A JAMB ɗin 2024 yara wajen miliyan 1.9 suka zauna, fiye da kashi 75 cikin ɗari ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 ne kacal a faɗin ƙasar nan. 'Yarki ta yi ƙoƙari, likitanci ne dai ba ya jin "ta yi ƙoƙari".

Tunda kin ce shekarunta 17, kuma Anatomi, wato ilimin sassan jiki, aka miƙa mata a CAPS, shafin da JAMB ke fitar da gurabe, a madadin likitancin, ni dai ba zan yi miki kwana-kwana ba: kar ta karɓa, ta zauna ta sake JAMB. Duka hanyoyin biyu an bi su a gidana, da kuɗina, ɗaya da ƙanina, ɗaya da 'yata ta fari.

Bari in fara da wadda ta ci ni. Ƙanina autan gidanmu, ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu. Ya nemi likitanci a wata jami'a da ba sai na ambata ba, aka ba shi Bayokemistiri. Kowa ya ce ya shiga, ai in ya yi kyau a ajin farko za a tsallakar da shi zuwa likitanci. Ya shiga, ya yi kyau kuwa, amma ba a tsallakar da kowa ba a ajinsu. Yau yana yawon tallata magunguna ga asibitoci da shagunan kemis tsakanin Jos da Bauchi, yana samun na abinci, alhamdulillahi. Iyakar abin da zan iya yaba wa wannan hanya ke nan: ba ta barin yaro a gida, kuma digiri digiri ne.

Sai daga baya na fahimci dalilin da ya sa tsallakawar take wuya, kuma ba mugunta ba ce. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta na koyarwa. Jami'a tana cika wannan adadi tun daga ajin farko, wani lokacin har ta zarce, ga kuma masu shigowa aji biyu kai tsaye suna jira a ƙofa. To ina kujerar da za a ba ɗan Anatomi? Sai in wani ya faɗi, shi ma gurbin da ya bari mutum nawa ne suka zuba masa ido? Akwai waɗanda suka tsallaka, ban ce babu ba, amma kar ki ɗora rayuwar 'yarki a kan labarin "wani yaro a unguwarmu". Hanyar da ta fi tabbas ga mai irin wannan digiri ita ce ya gama shekara huɗu da sakamako mai kyau ƙwarai, ya koma ya nemi shiga aji biyu na likitanci, ya ƙara biyar. Tara ke nan, ban da bautar ƙasa. Wadda ta zauna shekara ɗaya ta sake jarrabawa, ɗaya da shida bakwai. Ki lissafa da kanki.

Ki lura, Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri nake nufi. Da a ce aikin jinya aka ba ta, ko harhaɗa magunguna, ko gwaje-gwajen lab, da na ce ku zauna ku yi shawara mai tsawo, don waɗannan sana'o'i ne masu lasisinsu da hukumarsu, mutum yana fita yana da abin yi a hannu. Su ma ɗin yanzu rububinsu ake yi, ba a ba da su a matsayin lallashi.

Yanzu ga 'yata. A 2019 ta ci 241. Na ƙi mantawa da ranar, muna tsakar gida ina tankaɗe, saƙon ya shigo wayarta, ta duba ta ajiye wayar a kan turmi ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. An yi mata tayin wani kwas irin na 'yarki. Babanta ya so ta karɓa, ya ce mace ce, lokaci ba ya jiran ta. Ni kuma da ciwon ƙanina a zuciya na ce a'a. Mun yi kwana uku ba ma magana sosai a kan wannan, har sai da yarinyar da kanta ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba a ba ni shekara ɗaya, in ban samu ba duk abin da aka ba ni zan yi." Ya ce ya ji.

Abu na farko da muka yi, mun daina kallon 241, muka kalli abin da ke cikinsa. Takardar sakamako tana nuna makin kowane darasi. Bayoloji ta ci saba'in da wani abu, Kemistiri da Ingilishi sittin-sittin, Fiziks 46. Ashe ramin guda ɗaya ne. Da mun kai ta lesin na gama-gari inda ake zuba yara ɗari a aji ana maimaita musu komai daga farko, da ta sake ɓata watanni a kan Bayolojin da ta riga ta iya. Sai muka samu wani mai bautar ƙasa da ke haya a layinmu, injiniyanci ya karanta, yana zuwa sau uku a mako bayan la'asar, su zauna a zaure da ƙaramin allo, ƙanenta yana gefe yana gyangyaɗi. Yaron nan ba ya karanta mata littafi. Tambayoyin shekarun baya yake zubo mata, ya sa agogo, in ta faɗi ɗaya sai ta gaya masa dalilin da ya sa ta zaɓi amsar da ba daidai ba kafin ya nuna mata daidai ɗin. Farkon abin har kuka take yi.

Kin san sanyin Jos a Disamba da Janairu, wanda ruwan randa yake cizon hannu. Ƙarfe huɗu na asuba nake jin motsinta. In leƙa, in tarar da ita a kan tabarma da safa biyu a ƙafa, rigar sanyin babanta a kan hijabi, ga kaskon gawayi a gefe, ga fitila mai caji ta jingina da bango, tana ta lissafi a bayan tsofaffin takardun makaranta don kar ta ƙarar da littafin rubutu. Ni kuma in ɗora mata ruwan shayi da citta in koma in kwanta, amma barci ba ya zuwa. Littafin tambayoyin nan sai da bangonsa ya rabu, na ɗinke mata shi da zare da allura. Har yau yana cikin akwatina, na hana a jefar.

Ranar Asabar kuma shagon kwamfuta take zuwa wajen titin Bauchi, ta biya kuɗin awa biyu ta yi gwaji kamar a ɗakin jarrabawa. Wannan kar ki raina shi. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, Ingilishi 60, sauran ukun 40-40. In kin raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaro zai iya sanin Fiziks sarai amma lokaci ya cinye shi yana kan tambaya ta ashirin. A zaman farko abin da ya same ta ke nan, ta bar Fiziks a ƙarshe, ta cike rabinsa da canki-canka. A na biyu ta san wanda za ta fara da shi, ta san tambayar da za ta tsallake ta dawo. Jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gasken ma ta rubuta, ku ma ku zaɓa lokacin rajista.

Abin da ya fi karatun wuya bakin mutane ne. Duk biki ko suna sai an ce, "Wance har yanzu tana gida?" Wata gwaggonta har ta kawo maganar wani mai shago a Taminus, wai tunda tana zaune. Ƙawayenta suna dawowa hutu da labarin hostal. Wannan ke karya yara, ba Kemistiri ba. Ni sai na sa ta a Islamiyyar safe tana ƙara hadda, da yamma kuma wasu ranaku tana koya wa yaran maƙwabta lissafi, don kar ta ji kamar an ajiye ta a kan kanta. Ki shirya wa wannan tun yanzu, ki kuma ja kunnen 'yan gidan.

A Maris na 2020 ta sake zama, ta ci 298. Yanzu haka da safe farar riga take sawa ta hau keke zuwa Lamingo, asibitin koyarwa. Ranar da ta fara auna mini jini da hannunta, ta ce "Mama ki rage gishiri," dariya na yi har da hawaye.

Shekara ɗayan da babanta yake jin tsoro kuwa, ki ji yadda ta kaya. Tana gama jarrabawar korona ta rufe makarantu, ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta yi yajin aiki wata tara a 2020, ta sake yin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙawayen da suka riga ta shiga su ma gida suka dawo suka zauna tare da ita. Ba wanda ya nemi izininmu kafin a ci mana waɗannan watanni, amma shekara ɗaya da yarinya za ta kashe don gyara makinta ita muke ganin asara.

Sai dai in gaya miki gaskiya, ƙarin maki kaɗai bai kai ta ba. Rabin aikin a wurin cike fom yake, kuma nan ne mu iyaye muke barin mai shagon kwamfuta ya yanke wa 'ya'yanmu makoma. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kowa daga ko'ina, 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar a yankinta, 20 na jihohin da ake ɗauka an bar su a baya a ilimi, kuma duk jihohin Arewa 19 suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ma'ana makin da ba zai ɗaga ki a layin cancanta ba yana iya shigar da ke ta ƙofa ta biyu ko ta uku, in kin zaɓi jami'ar da jiharki take cikin yankinta. A karon farko 'yata wata babbar jami'a mai nisa ta sa, don sunanta kawai, inda ba mu da ko ɗaya daga cikin wannan rangwame sai na ƙarshe.

Mu mutanen Jos kuma mun san zancen takardar asalin jiha ba ƙaramin abu ba ne, ba sai na buɗe shi a nan ba. Ki dai duba jihar da aka rubuta wa yarinya a rajistar JAMB, da wadda take a takardar ƙaramar hukumarta, su zama ɗaya, sannan ki zaɓi makaranta da wannan a zuciya. In takardarta ta Kano ce, ga Bayero ga jami'ar jiha. In ta Bauchi ce, ga ATBU, jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ga kuma jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Gombe da Kaduna duk jami'o'in jiharsu suna koyar da likitanci, kuma jami'ar jiha 'ya'yanta take fara dubawa. Akwai ta tarayya a Dutse. Ba dole sai Zariya ko Jos ba. Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada kuwa, kasancewarta a babban birni, kowa daga kowace kusurwa can yake kai hari, ki san da wannan kafin ki sa ta. Duk wadda za ku zaɓa, ku shiga shafin MDCN ku tabbatar tana cikin jerin makarantun da aka amince wa.

Zaɓi na biyu a fom, in dai likitanci ne, ado ne kawai. Masu zaɓin farko ma sun yi wa gurbin yawa, wa zai waiwayi na biyu? Haka nan makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, 140 a 2024, 150 a 2025, wannan ƙasan ƙasa ne na shiga jami'a gaba ɗaya, ba ruwansa da likitanci.

Sannan ki ɗauko sakamakonta na WAEC ko NECO ki dube shi da idon basira. Kiredit biyar ake so, Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, kuma makarantu da yawa a likitanci sai a zama ɗaya suke karɓa, ba haɗe-haɗe. Ba nan ya tsaya ba. Yawancinsu ba makin JAMB tsura suke dubawa ba, haɗawa suke yi. Wasu su raba makin da takwas ya zama kashi 50, sauran su cike da Post-UTME, jarrabawar tantancewa da jami'ar ke yi da kanta, ko da darajar kiredit ɗin, inda A1 ya fi B3, B3 ya fi C6. Yarinya mai 280 da C6 jere sai ki ga mai 265 da A da B ta wuce ta. Idan sakamakon 'yarki C ya yi yawa a ciki, wannan shekarar zaman ita ce damar sake shi, ga jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Kuma a tabbatar an ɗora sakamakon a shafin JAMB, a buɗe CAPS a gani da ido. Na san yarinyar da ta rasa gurbi a kan wannan kaɗai, mai shago ya karɓi kuɗi ya ce ya ɗora, ashe bai hau ba.

Za a ce miki ai ana iya haɗa biyun, ta karɓi Anatomi tana zuwa aji tana kuma shirin JAMB. Ana yi. Kuɗin rajista da na hostal ki biya, in ta samu likitancin ta ajiye wancan ta koma ajin farko, don ba a riƙe gurbi biyu. In kuma karatun biyu suka raba mata hankali, ta tashi ba tsuntsu ba tarko. Mai ƙarfin hali da ƙarfin aljihu ya gwada. IJMB ma hanya ce, karatun share fage ne na ABU Zariya, mai kai mutum aji biyu, amma guraben shiga kai tsaye a likitanci 'yan kaɗan ne, sai wanda ya kusa cinye makin duka. In kuna da hali ta yi shi tare da sake JAMB, darussan iri ɗaya ne, ba laifi. Jami'o'in kuɗi irin Bingham, mai asibitin Jankwano a nan Jos, ko Nile da Baze a Abuja, miliyoyi ne duk shekara har shida, wanda Allah ya hore wa ba sai ya tambaye ni ba. Waje kuwa, kin ga yadda yaranmu suka dawo daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 da karatu a rataye, kuma ko an gama lafiya sai an zauna jarrabawar MDCN kafin a taɓa majinyaci a nan.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don daga yau wayarki za ta fara ƙara. Akwai masu cewa za su ɗaga maki, 256 ya koma 300. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da suke yi shi ne su gyara takardar a kwamfuta su buga miki mai kyau, alhali makin da ke rumbun JAMB, wanda jami'a take gani, yana nan yadda yake. Kin tuna yarinyar nan ta Anambra a 2023, da aka yi ta shagali ta ci 362, aka bincika ashe 249 ne, aka hana ta rubuta jarrabawar shekara uku? Da 249 ɗinta ta riƙe da ta fi. Mu ma a shekarar 241 saƙo ya shigo mana har da sunan yarinya da lambar rajistarta, yadda za ki rantse daga ofis yake. Kar ku ba kowa lambar sirrin shafinta, kuma layin wayar da aka yi rajista da shi ya zauna a hannunku, ba a hannun mai shago ba.

Sai masu "ina da mutum a ciki". Wannan ni ya ci. Lokacin ƙanina wani mutum mai fara'a, kullum da fayil a hammata, ya same mu a gindin wata bishiyar mangwaro bayan ofisoshin makarantar, ya ce shi ke kai sunayen masu tsallakawa. Kuɗin adashena na ɗauka gaba ɗaya na ba shi, kashi biyu, ba rasit, ba shaida, har ina yi masa addu'a. Wata uku yana ce mini jerin yana kan tebur ana jiran sa hannu, daga nan layinsa ya daina shiga. Da na je nemansa aka ce ba a taɓa samun ma'aikaci mai wannan suna ba. Ban gaya wa maigida ba sai bayan shekara biyu. Tun 2017 da aka kawo CAPS abin ya ma fi sauƙin ganewa: duk gurbin da bai fito a can ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma yaro zai iya gama karatunsa tsaf a zo tafiya bautar ƙasa a ce babu sunansa. Wanda duk ya ce ki kawo kuɗi ya ba ki takardar shiga a hannu, ki ce masa ya fara nuna miki a CAPS.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in janye maganata. Ki kira ta ku biyu, ba a gaban babanta ko yayyenta ba, ki tambaye ta likitancin nan nata ne ko naku ne. Don shiga ba shi ne ƙarshen wahala ba, a ciki makin cin jarrabawa 50 ne, kuma akwai babbar jarrabawar da ake yi kafin a fara zuwa asibiti wadda take mayar da yara baya duk shekara. In kin ga idonta yana kaucewa, ku nemi canjin kwas zuwa abin da take so tun ana karɓa, 256 zai buɗe mata ƙofofi masu kyau. In kuwa ta dube ki ta ce nata ne, to shekara ɗaya ku ba ta, ɗaya tak, da alƙawarin in ba a dace ba za ta karɓi abin da ya samu, kamar yadda muka yi.

A yanzu dai kar ta danna komai a CAPS cikin fushi ko cikin kuka, tayin zai iya kwana biyu. In ta amince da canjin, ta fita daga layin likitanci na bana ke nan, alhali wani lokacin jeri na biyu yana fitowa. Ki rubuto mana makin darussa huɗun ɗaya bayan ɗaya, da abin da ta samu a WAEC, da jihar da ke takardarta, ba sai kin sa suna ko lamba ba. In na gani zan gaya miki inda ramin yake da makarantar da nake ganin ya kamata ta sa a zaɓin farko.